Tambaya da Amsa: Daga Ina 'Yancin Ruhu na Kirista Ya Samo Asali?

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina kuma koyar da matasa a ajin Lahadi na ikkilisiyarmu. A wani taron farkawa da aka yi kwanan baya, mai wa'azi ya ce Tsohon Alkawari littafin ƙangi ne, Sabon Alkawari kuwa littafin 'yanci, saboda haka Kirista ba ruwansa da doka. Da muka koma aji, sai wani yaro ya tambaye ni cewa in haka ne, me ya sa har yanzu muke karanta Attaura da Zabura da littattafan annabawa a wurin sujada, kuma me zai hana mutum ya yi abin da ya ga dama tunda an 'yanta shi. Na ba shi amsa, amma ni kaina ban gamsu da ita ba. Ina roƙon Malam ya bayyana mini ma'anar wannan 'yanci da inda ya samo asali.

Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA

Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya ƙara wa yaron nan basira, domin tambayarsa ta fi wa'azin da ya ji zurfi. Mai wa'azin ya kama wani gefe na gaskiya, tunda Manzo Bulus da kansa ya rubuta wa Galatiyawa cewa Almasihu ya 'yanta mu, kada mu sake shiga ƙangin bauta. Amma ya yi tuya ya manta da albasa. Yesu da manzanninsa Yahudawa ne, kuma a lokacin da suke koyarwa ba su da wani Nassi a hannu sai Attaura da Annabawa da Zabura. Duk abin da suka faɗa game da bauta da fansa da 'yanci daga cikin waɗannan littattafai suka ɗebo shi, kuma wanda bai san su ba zai ji kalmar 'yanci a bakin Bulus ya ɗauka ana nufin sakin linzami.

Tushen maganar yana cikin littafin Fitowa. Littafin ya ce Isra'ilawa sun zauna a Masar shekara 430, kuma a ƙarshen zaman nan Fir'auna ya mai da su bayi masu yin tubali, har ya kai ga hana su ramnon da ake kwaɓa ƙasa da shi, ya ce su nemo da kansu, amma kada yawan tubalin da suke kawowa kullum ya ragu. Abin da nake so ka lura da shi shi ne saƙon da Allah ya aiko Musa da shi, wanda aka maimaita a sura ta 7 da ta 8 da ta 9 da ta 10. Bai tsaya a kan cewa Fir'auna ya saki jama'ar ba, sai da ya faɗi dalili, wato domin su bauta wa Allah. Littafin Firistoci 25:55 ya fito da maganar fili, inda Allah ya ce Isra'ilawa bayinsa ne waɗanda ya fito da su daga ƙasar Masar, kuma aya ta 42 ta ce saboda wannan ne ba za a sayar da su kamar bayi ba. A ganina, wanda ya fahimci waɗannan ayoyi biyu ya riga ya fahimci rabin wasiƙun Bulus. 'Yancin da Nassi ya sani shi ne a fitar da mutum daga hannun azzalumin da ba shi da iko a kansa, a mayar da shi hannun Wanda ya halicce shi, ta yadda babu wani ɗan Adam da zai ƙara cewa ya mallake shi.

Daga nan ne za ka ga matsayin doka. Dokoki Goma a Fitowa sura ta 20 sun fara ne da tunatarwa cewa Ubangiji ne ya fito da su daga gidan bauta, sannan umarni ya biyo baya. Ceto ya riga doka zuwa, ba a ce musu su kiyaye umarni tukuna sannan a raba musu teku ba. Dokokin kuwa, da yawansu an ba da su ne domin kada 'yantattu su zama sababbin Fir'aunoni a kan junansu. A Maimaitawar Shari'a sura ta 5, dalilin hutun Asabar shi ne bawanka da baiwarka su huta kamar yadda kake hutawa, domin kai ma ka taɓa zama bawa a Masar. Ba'ibrane da talauci ya sa ya shiga bauta, shekara shida zai yi, a ta bakwai ya fita, kuma sura ta 15 ta hana a sallame shi hannu wofi, ta ce a ba shi daga garke da masussuka da wurin matsar inabi. Sura ta 23 ta hana a mayar da bawan da ya gudo wurin ubangidansa. Ba zan ɓoye maka ba, Firistoci 25:44-46 ya yarda a mallaki bayi daga cikin al'umman da ke kewaye, saboda haka Attaura ba ta soke bauta gaba ɗaya ba, ta dai ɗaure mata hannu a cikin al'ummar da aka kafa a kan tunawa da zafin bauta.

To, ina maganar 'yancin ruhu ta shigo? Tun a jeji ta shigo, tun kafin a haifi wani annabi marubuci. Mutanen da suka ga teku ya rabu, ba a daɗe ba suka fara kewar tukwanen naman Masar, kuma a Littafin Ƙidaya sura ta 11 har lissafa abin da suke kewa suka yi, kifin da suka ce suna ci kyauta, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Mutum ya tuna da albasa ya manta da bulala. A sura ta 14 suka ce wa juna a naɗa shugaba a koma Masar. Wannan shi ne wurin da Attaura ta fara nuna cewa ana iya kwance wa mutum mari a ƙafa amma tsoro da kwaɗayi da son abin da ya saba su ci gaba da riƙe shi daga ciki, kuma shekara 40 da aka yi a jeji a kan wannan ciwo aka yi su.

Akwai kuma shekara ta hamsin, wadda Firistoci sura ta 25 ta tsara. A ranar goma ga wata na bakwai, wato Ranar Kafara, za a busa ƙaho a yi shelar 'yanci a dukan ƙasar, kowa ya koma gonarsa ta gado da danginsa. Dubi yadda aka haɗa ranar yafe zunubi da ranar sakin bayi, wannan haɗin ba banza aka yi shi ba. Surar ta kuma yi maganar mai fansa, wato ɗan'uwa na jini wanda nauyi ne a kansa ya biya ya karɓo gonar da aka sayar ko ɗan'uwan da ya faɗa hannun baƙo, kamar yadda Bo'aza ya yi a labarin Rut. Mu da muke zaune a zamanin da dangi ke sayar da gona da shanu domin su karɓo nasu daga hannun masu garkuwa da mutane, ba ma bukatar dogon bayani a kan abin da mutum yake ji idan ya ga ɗan'uwansa ya zo karɓarsa. Annabi Ishaya ya ɗauki wannan suna na mai fansa ya ba Allah da kansa sau da yawa, kuma a kan wannan hanya ne Yesu ya ce a Markus 10:45 ya zo ne domin ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan batu yana cikin Irmiya sura ta 34, kuma da wuya ka ji an yi wa'azi a kansa. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sai Sarki Zadakiya da manyan gari suka ɗaura alkawari a Haikali cewa kowa zai saki bayinsa Ibraniyawa, suka tsaga ɗan maraƙi gida biyu suka ratsa ta tsakiya don tabbatar da rantsuwar. Aka saki bayin. Da rundunar Babila ta janye na ɗan lokaci saboda sojojin Masar sun taso, sai manyan nan suka yi amai suka lashe, suka bi mutanen da suka saki suka komo da su bauta. Amsar da Allah ya aiko ta bakin Irmiya mai ban tsoro ce, ya ce tunda sun ƙi yi wa 'yan'uwansu shelar 'yanci, shi zai yi musu shelar saki ga takobi da annoba da yunwa. Birnin ya faɗi wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Dokar tana nan, mai kyau ce, an san ta, an ma rantse a kanta, amma zuciyar da za ta riƙe ta ce babu. Shi ya sa wannan annabi ne ya yi maganar sabon alkawari a sura ta 31, inda Allah zai rubuta shari'arsa a zukatan mutane, Ezekiyel kuma a sura ta 36 ya ce za a cire zuciyar dutse a sa ta nama, a sa Ruhun Allah a cikin mutane domin su iya bin umarninsa. Ka lura cewa ko ɗaya daga cikinsu bai yi alkawarin soke doka ba, abin da suka yi alkawari shi ne mutumin da zai iya kiyaye ta da son ransa.

Yahudawa da kansu sun riga Kirista karanta waɗannan ayoyi da ma'anar ruhu. A cikin rubuce-rubucen da aka samo a kogo na 11 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, kogon da aka gano a 1956, akwai wani rubutu a kan Malkisadik, firist kuma sarkin da littafin Farawa ya ambata, rubutun da masana suka danganta da ƙarni na farko kafin haihuwar Almasihu. Marubucinsa ya haɗa Firistoci 25 da Ishaya 61, ya fassara shekarar sakin a matsayin ranar ƙarshe da za a 'yanta mutane daga bashin zunubansu. Saboda haka da Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar, aka miƙa masa littafin Ishaya, ya karanta wurin da ke maganar bishara ga matalauta da shelar saki ga ɗaurarru, ya naɗe littafin ya zauna, kamar yadda Luka sura ta 4 ta ba da labari, masu sauraronsa sun san ayar sarai. Sabon abin da ya faɗa shi ne cewa a ranar nan Nassin ya cika a kunnuwansu. Haka kuma jibin ƙarshe a lokacin Idin Ƙetarewa aka ci shi, idin tunawa da fita daga Masar, shi ya sa Bulus ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Ƙetarewa. Ranar Fentikos ma, da Ruhu ya sauko, ita ce Idin Makonni na Yahudawa, kwana 50 bayan Ƙetarewa, wanda al'adarsu ta danganta da ba da Attaura a Dutsen Sina'i. A Yohanna sura ta 8 kuwa Yesu ya ambaci azzalumin da sunansa, ya ce duk mai yin zunubi bawan zunubi ne, kuma wanda Ɗan ya 'yanta shi ne ya 'yantu da gaske.

Yanzu mu zo ga Bulus, wanda mai wa'azinku ya dogara da shi. Rigimar Galatiya a kan tambaya ɗaya take, shin mutumin da ba Bayahude ba, in ya gaskata da Almasihu, dole ne a yi masa kaciya ya ɗauki dukan farillan Yahudanci kafin a lissafa shi cikin jama'ar Allah? Bulus ya ce a'a, taron manzanni a Urushalima wajen shekara ta 49 shi ma ya ce a'a, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta nuna. Ƙangin da Bulus yake gudu shi ne mutum ya nemi karɓuwa wurin Allah ta ƙoƙarinsa, ya zauna cikin fargaba kamar bara da ke tsoron kora. Amma wannan Bulus ɗin, Bafarisiye da ya yi karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Attaura, shi ne ya rubuta a Romawa 7:12 cewa Shari'a tsattsarka ce, umarnin kuma mai tsarki ne, mai adalci, mai kyau. A Romawa sura ta 6 ya ce an 'yanta mu daga zunubi mun zama bayin adalci, wato tsarin Fitowa ne sak, saki domin bauta wa Allah. A Galatiyawa 5:13-14, ayoyi kaɗan bayan wadda na ambata a farkon amsata, ya ce kada 'yanci ya zama hujjar biye wa son zuciya, sai dai mu bauta wa juna cikin ƙauna, kuma hujjar da ya kawo daga Firistoci 19:18 ya ɗauko ta, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka.

Ina roƙonka kada ka koya wa yaran nan cewa Yahudawa suna ɗaukar Attaura a matsayin mari. Mai Zabura ta 119 ya ce zai yi tafiya a sake domin ya nemi umarnan Allah. A addu'o'insu suna kiran Idin Ƙetarewa lokacin 'yancinmu, kuma Mishna, tarin koyarwar malamansu da aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ta ce a kowane zamani wajibi ne mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Wani malaminsu na ƙarni na uku, Yoshuwa ɗan Lawi, ya ce babu 'yantacce sai wanda ya duƙufa ga Attaura. Saɓanin da ke tsakani na gaske ne, ba na rage shi: Bayahude yana ganin Attaura ce hanyar 'yanci, Kirista kuwa yana cewa ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa da aikin Ruhu ne mutum ke samun ikon yin abin da Shari'a take nufi. Amma saɓani daban, ƙage daban. Ra'ayin mai wa'azinku ba sabo ba ne, wani mai suna Markiyon daga Sinofe, a bakin Baƙin Teku, ya koyar da cewa a watsar da Nassin Yahudawa ɗungum, ikkilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Bulus ya riga ya gargaɗi Al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, a Romawa 11:18 cewa ba su ne ke riƙe da saiwa ba, wato tushensu na Isra'ila, saiwar ce ke riƙe da su, kuma tarihin zaluncin da aka yi wa Yahudawa a Turai da sunan wasu ayoyin Linjila ya isa ya sa mai koyarwa ya iya bakinsa.

Ga yaron da ya tambayi abin da zai hana shi yin abin da ya ga dama, ka kai shi 1 Korintiyawa. A can ma wasu sun ce kome halal ne a gare su, Bulus ya amsa cewa ba kome ne ke da amfani ba, kuma shi ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Ya yarda cewa naman da aka yanka wa gumaka ba kome ba ne, amma ya ce in cinsa zai sa ɗan'uwa mai raunin lamiri tuntuɓe, gara ya daina cin nama har abada. Martin Luta ya taƙaita wannan a 1520 da cewa Kirista 'yantacce ne da ba ya ƙarƙashin kowa, kuma bawan kowa ne ta wurin ƙauna. Ka tambayi yaron ko akwai abin da yake so ya daina amma ya kasa, ko ƙarya, ko fushi, ko ƙwaya, ko tsoron bakin abokai. Daga amsarsa ne darasin zai fara.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Abin da ke damuna shi ne nakan ji ana gaya wa talakawa da 'yan aikin gida cewa su yi haƙuri, 'yancin ruhu ya ishe su. Shin wannan koyarwa ba hanya ce ta rufe bakin wanda ake zalunta ba?

Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA

'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya, domin an taɓa yin amfani da koyarwar ta haka, har yanzu ma ana yi. Sabon Alkawari bai yi kiran a rushe tsarin bauta na daular Roma ba, kuma masu bayi a Amurka sun daɗe suna karanta wa bayinsu Afisawa 6:5, inda aka ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Abin da ya fi tona asirinsu shi ne wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki da aka buga a Landan a 1807 domin bayin da ke tsibiran Karibiyan na Ingila. An cire labarin fita daga Masar, an cire Galatiyawa 3:28 da ke cewa babu bawa babu ɗa a cikin Almasihu, an bar ayoyin biyayya. Waɗanda suka yi wannan aiki sun san cewa muddin bawa ya ji labarin Musa da Fir'auna, ba za a iya gamsar da shi cewa Allah ruhinsa kaɗai ya damu da shi ba. Bayin da suka ji labarin kuwa sun riƙe shi gam, shi ya sa aka yi wa Harriet Tubman, wadda ta gudu daga bauta ta kuma riƙa komawa tana fitar da wasu, laƙabi da Musa.

Wannan shi ne babban amfanin riƙe Nassin Yahudawa a hannun Kirista, yana hana 'yancin ruhu ya zama magana mai daɗi da ba ta taɓa albashi da bashi ba. Tun a ƙarni na huɗu Giregori, bishop na Nisa a ƙasar da yau take Turkiyya, ya kafa hujja da littafin Farawa ya yi wa'azi cewa wanda aka halitta cikin siffar Allah ba shi da farashi da wani zai biya. Bulus ma, da ya mayar da bawan nan Unisimas wurin ubangidansa Filimon, ya ce a karɓe shi a matsayin ƙaunataccen ɗan'uwa, ba bawa ba, ya ƙara da cewa in akwai bashi a ɗora a kansa, shi zai biya.

Gaskiya ne wanda ke cikin ƙunci yana iya samun kwanciyar rai da darajar kai waɗanda azzalumi ba zai iya ƙwacewa ba, kuma ba na raina wannan ta'aziyya ga mai shan wahala. Amma wanda ke riƙe da haƙƙin mutum ba shi da bakin da zai faɗa masa ita. Idan mai gida ne ko uwar gida ke wannan magana ga yarinyar da ke musu aiki, sai a karanta musu Maimaitawar Shari'a 24:14-15, wadda ta ce a biya ma'aikaci matalauci ladansa a ranar kafin rana ta faɗi domin ya ƙwallafa rai a kansa, a haɗa musu da Yakubu 5:4, wanda ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji. Sannan a tambaye su yaushe suka biya ta, da kuma wace rana ce ranar hutunta.